Ruwan da Aka Ƙi

A layin da ke bayan tsohuwar masaƙa a Makera babu wanda bai san randar Hajiya Balaraba ba. Tana nan tsakar gida a gindin lemun tsami, rabinta binne cikin yashi, bakinta rufe da faifai, moɗar silba a kife a kai. Hajiya kan wanke ta da hannunta, ta turara cikinta, ta jefa saiwar jema, sannan ta cika ta da ruwan rijiyar da marigayi maigidanta ya haƙa tun kafin a haifi yaransu. Ruwan yana da sanyi, yana da wani garɗi da ke tsayawa a bayan harshe. Mata kan shigo da sunan gaisuwa, alhali kowa ya san moɗar suka zo wa.

Nafisa ce 'yar farin Hajiya, don haka tun ranar suna ba ta taɓa buɗe baki ta kira sunan nan ba. Haka ta ga uwarta ta yi a Rano, haka ita ma ta yi. In za ta kira ta sai ta ce "ke", in za ta ba da labarinta sai ta ce "yayar su Aminu". Ko ranar da yarinyar ta kwanta da ƙyanda malamar asibiti ta nemi suna, sai da Hajiya ta waiga ta kalli maƙwabciyarta, ita ta faɗa. Ba ta goya ta a gaban mutane ba, ba ta yaba mata ba, ranar da aka kai ta gidan miji a Barnawa ma ɗaki ta shige ta rufe. Amma duk duniya babu wanda take so kamar yarinyar nan, kuma hanya ɗaya take da ita ta nunawa. Tun Nafisa na firamare, in ta dawo ta zauna, Hajiya za ta tashi kamar wani abu za ta ɗauko, ta cika moɗa, ta dire a gefenta ba tare da ta dube ta ba. Nafisa ta shanye, ta ce, "Alhamdu lillahi." Iyakar hirarsu ke nan, kuma ta ishi Hajiya.

Ta ishe ta har zuwa lokacin da Madam Ifeoma ta shigo rayuwarsu. Wannan mata a ɗakin gwaje-gwajen masaƙa ta yi aiki, da masaƙar ta mutu ta buɗe 'yar masana'antar fiya wata a Kakuri. A wurinta Nafisa ta yi koyon aiki lokacin tana karatun kimiyya, da ta gama kuma Madam ta riƙe ta. Hajiya ba ta ƙi ba, aiki ai abin so ne. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro kalma ɗaya ce. Nafisa ba ta cewa Madam, ba ta cewa shugabata. Cewa take yi Mummy.

Mummy ta ce kaza, Mummy ta saya mini kaza, Mummy ba ta son a bar injin babu wanki. Ita kuwa da ta yi naƙudar, sunanta Hajiya, kamar kowace Hajiya da ke sayar da atamfa a kasuwa. Ta san ita ta shimfiɗa tsarin, ta san babu laifin yarinyar, amma sanin bai rage komai ba. Duk lokacin da kalmar ta fito daga bakin Nafisa sai Hajiya ta ji kamar an taka mata yatsa a cikin taro, ga zafi ga ba damar yin ƙara.

Wata Juma'a Nafisa ta sauka daga Keke, ta yi sallama, ta zauna a tabarma. Hajiya ta tashi kamar kullum, ta cika moɗa, ta dire. Nafisa ta ɗauka, ta riƙe da hannu biyu, ta yi ta jujjuya ta. Ba ta kai baki ba.

"Azumi kike?" in ji Hajiya, idonta a kan zogalen da take tsinkewa.

"A'a, Hajiya. Kin tuna ruwan da na ɗiba a gora kwanaki? Mun aika an gwada." Ta ajiye moɗar a hankali. "Akwai asenik a rijiyar nan, ya wuce ƙa'ida. Akwai boron ma."

"Asenik? Ba ƙungiyar ƙwallon da Aminu ke hauka a kanta ba ce?"

Nafisa ta yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce guba ce, ba ta da launi, ba ta da wari, tafasawa ba ta kashe ta. Ba ta kayar da mutum yau ko gobe, taruwa take yi a jiki shekara da shekaru. Ta ce wataƙila daga ƙasar ne, wataƙila abin da ma'aikatun da suka mutu suka bari ne ya tsiyaya, Allah masani. Hajiya tana ji, har zuciyarta ta fara karkata, sai yarinyar ta ɓata komai.

"Mummy ta ce kada in ƙara sha. Ta ce ke ma ki daina."

Hajiya ta ture tiren zogalen. "Ruwan da kika sha kika yi ƙashi, kika yi boko, har kika san hanyar Kakuri, shi ne yau ya zama guba? To, madalla da Mummy."

Ranar Nafisa ta tafi moɗar na nan cike a gefen tabarma, wani ƙuda yana yawo a bakinta. Hajiya ta daɗe tana kallonta. Ba gubar ce ta dame ta ba. Abu ɗaya take iya bai wa 'yarta da hannunta, shi ne wata mace daga Kakuri ta miƙo hannu ta karɓe.

Ba a jima ba Madam Ifeoma ta zo da kanta, da kwali a bayan mota. Doguwa ce mai jiki, muryarta na isa ƙofar gida kafin ita, Hausa kuwa a bakinta kamar a Tudun Wada aka yanke mata cibiya. Ta rusuna ta gaida Hajiya yadda ya kamata, abin da ya ƙara ɓata wa Hajiya rai, don ta so a ce matar ba ta da tarbiyya.

"Maman Nafisa, sannu da gida! Kin haifi yarinya, wallahi. Nafisa, my daughter, kawo mini sifana."

Kowa a layin Maman Aminu yake ce mata. Ita wannan a numfashi ɗaya ta kira sunan sau biyu, ko nauyinsa ba ta ji ba.

Suka kafa injin a jikin bangon madafi, suka ja masa ruwa daga tankin da ake cikawa daga rijiya. Ba wani babban abu ba ne: ɗan famfo mai gurnani, da wasu abubuwa farare guda biyu masu kama da taɓarya. Madam ta kwance ɗaya ta nuna mata. A ciki wani tantani ne mai laushi, an naɗe shi kamar tabarma.

"Kin ga wannan, Hajiya? Ƙofofinsa ƙanana ne, ido ba ya gani. Famfo zai matsa ruwa a jikinsa da ƙarfi. Ruwa zai wuce, gubar ba za ta wuce ba. Boron ne mai taurin kai, shi ɗan mitsitsi ne, yana sulalewa, shi ya sa muke bi da ruwan ta tantani na biyu." Ta ɗago tiyo biyu. "Shuɗin nan na sha ne, ɗigo-ɗigo yake zuwa, ki yi haƙuri da shi. Baƙin nan kuma shi ne wanda tantani ya ƙi. Duk dattin da aka cire nan yake taruwa, ya fi na rijiyar ma muni. Lambatu za shi. Ko akuya kada ta sha."

Hajiya ta ce, "To." Ba ita take kallo ba. Nafisa take kallo, yadda ta durƙusa kusa da matar, kafaɗa na gogar kafaɗa, tana miƙa mata abu tun kafin ta nema. Da gumi ya zubo wa yarinyar, Madam ta sa gefen zanenta ta share mata goshi, a gaban kowa, kamar ba komai ba. Hajiya ba ta taɓa share goshin nan ba tun yarinyar na rarrafe. Kishi ya cika ta har ta ji ɗacinsa a baki, ta tashi ta shige ɗaki ta ce sallah za ta yi, alhali ko kiran la'asar ba a yi ba.

Washegari da aka kawo wuta ta kunna injin, ita kaɗai a gida. Ta tara kofi a shuɗin tiyo, ta jira har ta gaji, ta kurɓa. Salam! Ba garɗi, ba nauyi, kamar ta kurɓi iska. Ta tofar. Sai ta sunkuya ta zaro baƙin tiyon daga bakin lambatu, wanda ke zuba shar-shar babu rowa, ta ɗanɗana. Ga ruwanta nan. Ga ɗanɗanon rijiyar maigidanta, har ya fi na da fitowa.

"Ka ji zalunci," in ji ta, da ƙarfi, ko da yake kaji ne kawai ke saurare. "A zare wa ruwa ransa a ba ka gawar, mai daɗin kuma a tura shi kwata."

Ba ta manta abin da Madam ta ce ba, kada wani ya ce ta manta. Ta dai yanke hukunci cewa mai sayar da ruwa dole ta kushe rijiyar mutane. Kuma a can ƙasan ranta ta ji wani tausayin baƙin tiyon nan. Shi ne ya taho da komai na rijiyar, shi ne kuma aka ce bai dace ba, aka juya masa baki zuwa waje. Ta wanke randa, ta turara, ta cika ta da shi. Ragowar ta ja tiyon ta ajiye a gindin lemun tsami, don a gidanta ba a ɓarnar ruwa. Na shuɗin kuwa ta gano yana sa sabulu kumfa sosai, sai ta mai da shi na wanki. Da ruwan Mummy take wanke tsummokaran madafi, kuma duk lokacin da ta matse tsumma sai ta ji sanyi a ranta.

Makonni suka shuɗe Nafisa ba ta zo ba. Takan bugo waya ta ce jikin ne ba daɗi, ta tambaya ko injin na aiki. Hajiya ta ce yana aiki, ba ta yi ƙarya ba. Ta so ta shirya ta tafi Barnawa, amma uwa ba ta zarya gidan 'yar fari, sai ta aika da yaji da kuka ta zauna tana saƙe-saƙe.

A cikin makonnin nan ne lemun tsamin ya fara canzawa. Bakin ganyen ya yi rawaya, daga nan ya ƙone ya yi ruwan ƙasa kamar an bi shi da ashana, ganyen ya fara zuba. Bishiyar da ta sha rani iri-iri ba ta taɓa yin haka ba, ga shi kuwa gindinta bai taɓa samun ruwa kamar yanzu ba. Hajiya kan share ganyen da safe ta ce zafi ne. Wata rana ta ce tsutsa ce. Sau ɗaya ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta bi baƙin tiyon da ido tun daga gindin bishiyar har bangon madafi, sai ta yi maza ta kau da kai ta ci gaba da shara. Yarda da bishiyar yarda da Madam ce, ita kuwa ba ta shirya ba.

Ranar da Nafisa ta zo, da hantsi ne, kuma ba a Keke ba, a motar Madam. Tun daga zaure Hajiya ta gane. Ta ga yadda fuskar ta yi haske ta ɗan faɗa, ta ga yadda take ɗaga ƙafa, ta ga hannun da ke kaiwa mara ba da saninta ba. Wani farin ciki ya taso mata har sai da ta dafa bango. Ta sunkuyar da kai kamar ba ta ga komai ba, don haka ake yi, amma a ranta tana cewa: ni na fara gani. Wannan kam ba a koyar da shi a Kakuri.

"Maman Nafisa, albishirinki!" Madam ta shigo tana tafi. "Za ki zama kaka! Ni na kai ta asibiti da kaina, na ce wannan zazzaɓin ba na sauro ba ne. Kullum sai na yi mata farfesu, ba ta iya cin komai sai shi."

Nafisa ta rufe fuska da mayafi. "Kai, Mummy!"

Hajiya ta ce, "Allah ya raba lafiya." Muryarta ta fito a bushe. Ashe an riga ta. Ashe tun tana nan tana aika kuka da yaji, wata na can tana riƙe kan 'yarta in ta yi amai, wata ta zauna da ita a layin asibiti, wata ta fara jin labarin jikanta. Ba ta taɓa tsanar mutum kamar yadda ta tsani matar nan mai fara'a a wannan lokacin ba, kuma abin haushin, ta rasa laifi ɗaya da za ta ɗora mata.

Nafisa ta zauna a tabarma, inda ta saba zama. Ta kalli randar, ta yi murmushi.

"Wallahi Hajiya, duk kwanciyar nan ba abin da nake kwaɗayi irin ruwan randarki. Har mafarkin ƙanshin jemar nake yi."

Hajiya ta miƙe. Ƙafafunta ne suka kai ta, kamar yadda suka saba. Ta ɗaga faifai, ta nitsa moɗa, ta dire a gefen yarinyar. Ga abu ɗaya da farfesu bai maye ba.

Nafisa ta ɗauka. "Na injin ne ko, Hajiya?"

"Daga injin ya fito."

Madam ba ta zauna ba. Tana tsaye ta ɗaga kai tana duban bishiyar, ta kamo wani reshe ta murza ganyen, ya ruguje a hannunta. "Ah ah. Hajiya, me ya ƙona miki lemo haka?" Ta fara duban ƙasa, tana ture busassun ganye da takalmi.

Hajiya ta dubi reshen da ya zama tsirara. Ta dubi 'yarta, wadda ba ta nemi gora ba, ba ta nemi gwaji ba, ta ji maganar uwarta ta yarda. Nafisa ta yi bismillah, ta lumshe ido, moɗar ta taɓa leɓenta.

"Nafisa!"

Ƙarar ta sa kaji suka watse. Moɗar ta suɓuce ta faɗi, ruwan ya malale a tabarma, ta gangara tana ƙara har ta daki gindin randa. Madam ta dafe ƙirji tana waige-waige, ta ɗauka kunama ce.

"Wetin happen? Me ya faru?"

Nafisa ba ruwan take kallo ba, ba ta ma san ya jiƙa mata zane ba. Bakin uwarta take kallo, idanunta sun cika taf. Ita kanta Hajiya ta ji sunan baƙo a harshenta, ya fi yadda ta zata nauyi, kuma ya fi daɗi.

Ta wuce su, ta kama bakin randar da hannu biyu, ta girgiza ta har ta fito daga yashin, ta tuntsurar. Ruwan ya bi tsakar gida da saiwar jema a kansa, ya nufi lambatu. Ta finciko baƙin tiyon daga ƙarƙashin ganye ta cusa shi inda aka ce ta sa shi tun farko. Madam ta bi tiyon da ido, ta dubi randar, ta buɗe baki. Sai ta dubi fuskar Hajiya, ta mai da bakinta ta rufe. Hajiya ta so ƙwarai a ce matar ta yi faɗa, da ta samu abin riƙewa.

Ta ɗauki moɗar ta ɗauraye, ta kunna injin, ta durƙusa ta tara a bakin shuɗin tiyo. Ruwan na zuwa siriri.

"Kawo in riƙe miki, Hajiya," in ji Madam a hankali.

"Bar shi, Madam. Ni zan ba ta."

Daga bayanta ta ji muryar yarinyar, ƙasa-ƙasa, kamar lokacin da take ƙarama. "Hajiya, me kika ce ɗazu?"

Hajiya ba ta waiga ba. Kunnuwanta sun yi zafi, kuma ta san matar nan na tsaye tana ji, ta san gobe ma ita za ta kira sunan sau goma kafin azahar, ba tare da ta biya komai ba.

"Cewa na yi ki jira," in ji ta. "Bai cika ba tukuna."